Mushe a Tankin Bene

Ita ce ta fara jin warin, amma ba wanda ya yarda da ita, domin tun da ta tare a gidan benen nan ake yi mata kallon mai tsirfa. Maƙwabta sukan ce ita ce matar da ke wanke sabulu kafin ta yi wanka da shi, shi ya sa suka laƙaba mata Tsaf-Tsaf. A gidan burodi take aiki, sashen kwaɓi, inda gashi ɗaya in ya faɗa cikin fulawa sai a zubar da kwaɓin gaba ɗaya. Da wannan ɗabi'ar take komawa gida, ɗaki biyu a hawa na sama, ita da 'yarta Tsigi mai shekara uku. Mijinta direban babbar mota ne, ya fi kwana a kan titi fiye da kan gadonsa.

Da ta ce ruwan famfo yana wani ƙarni-ƙarni, Malamin Makaranta da ke ɗakin kusa da nata ya yi dariya ya ce, "Hancin nan naki, maƙwabciya, ai ko a Aljanna sai ya jiyo wari." Mai Shago na ƙasa ya ce tsatsar bututu ce. Sai ta riƙa tafasa na sha. Amma da wanne za ta yi wanka? Da wanne za ta wanke kwanuka, ta kurkure baki? Ga Tsigi kuma, in uwar ta juya baya, sai ta kafa baki a famfon banɗaki ta sha ta ƙoshi, don wasa ne a wurinta.

Ba a jima ba yarinyar ta fara amai da gudawa. Kafin a ankara idanunta sun faɗa, wuyanta ya saki kamar na ɗan tsako. A asibiti aka yi ta neman jijiya a ɗan hannunta, aka rasa, sai a ƙafa aka samu aka ɗaura mata ƙarin ruwa. Tsaf-Tsaf ta zauna a gefen gadon tana riƙe da ƙafar, tana kallon ɗigon ruwan, ko kuka ta kasa.

Ranar da aka sallame su, ta dawo ta tarar da mutanen gida sun yi cirko-cirko a tsakar gida, kowa ya toshe hanci da bakin riga. Famfo ya daina zuwa, an kira mai gyara, ya hau rufin bene ya buɗe tanki. Yana saukowa ke nan da wani buhu yana ɗiga. Da ya ajiye shi bakin buhun ya buɗe. Muzuru ne, ko abin da a da ake kira muzuru. Ya kumbura ya yi suntum, gashinsa ya saɓule ya bar fata fara fes mai santsi, cikinsa ya fashe, baki a wangale. Mai gyaran ya ce gashin ne ya toshe bututu, ba don haka ba da har yanzu ana sha.

Tsaf-Tsaf ta miƙa wa wata maƙwabciya yarinyar, ta durƙusa a bakin kwata ta yi ta kelaya amai har sai da ɗaci ya fito. Ta tuna shayin da ta sha, ta tuna alwala, ta tuna wani siririn gashi da ta taɓa cirewa daga harshen Tsigi tana zaton na 'yar tsana ne. Da ta hau sama ta tarar da sauran ruwa a bokitin wanka. Ba ta san dalili ba, ta ɗauko wata kwalba ta cika, ta ɗaure bakinta da leda, ta tura ta bayan ƙofa.

Da farko an ce muzurun ne ya faɗa da kansa. Amma tankin yana da murfi mai nauyi, muzuru kuwa ba ya ɗaga murfi ya mayar. Can sai ga wani bidiyo yana yawo a wayoyin yaran layi. A ciki an ga Kunnuwa, yaron nan ɗan shekara goma sha huɗu mai fatala-fatalan kunne, jikan Kaka da ke zaune a ɗan ɗakin ƙarƙashin matakala. Yana riƙe da mushen ta wutsiya, ya kawar da kai, ya sake shi cikin tanki, tsundum. Mai riƙe da wayar ba a ga fuskarsa ba, sai dai dariyarsa, wata irin dariya mai shiƙewa kamar an taka wa kare wutsiya. Duk wanda ya kwana biyu a gidan ya san dariyar nan. Ta ɗan Mai Bene ce, wato ɗan mai gidan da suke haya, wanda iyalinsa ke zaune a sashen gaba mai ƙofar ƙarfe.

'Yan sanda suka zo suka tafi da Kunnuwa shi kaɗai. Washegari aka ji an tura ɗan Mai Bene wani gari wurin baffansa, wai karatu.

Bayan an ba da belin yaron, wata mata ta zo gidan burodi neman Tsaf-Tsaf. Doguwa ce mai tabarau, takalminta ya sha ƙura. Ta ce daga ofishin kula da yara masu laifi take, aikinta sulhu. Suka tsaya a bayan tanda, inda zafi ya hana kowa zuwa ya saurara.

"Yaron ya amsa laifinsa," in ji Mai Sulhu. "Hanya biyu ce. Ko a kai shi kotu, alƙali ya tura shi gidan horon yara, ko kuma a zauna, shi da waɗanda ya cuta, ya ji da kunnensa abin da ya jawo, ku faɗi abin da zai yi ya gyara. In kun yarda kuma ya cika, ba zai je kotu ba. In ba ki yarda ba, ba mai tilasta miki."

"Wato ya ce a yi haƙuri, mu tafa masa, kowa ya kama gabansa."

"A'a, 'yar'uwa. Na ga yaran da suka shiga gidan can saboda satar kaza suka fito sun iya fasa shago. Ba cewa nake ki ji tausayinsa ba. Cewa nake ki zo ki faɗa masa a fuskarsa, domin a kotu ba za a bar ki ki yi magana yadda kike so ba."

Wannan maganar ta ƙarshe ce ta shige ta. Mijinta ma da ta kira shi a waya ya ce, "Je ki, Maman Tsigi, ko don ki sauke abin da ke ranki. Tun da abin nan ya faru ko abinci ba kya ci." Ta ce za ta je. Ba ta gaya wa kowa ba, ta saka kwalbar nan a jaka.

A wani ajin makarantar firamare aka yi zaman, ranar da ba karatu. An jera kujerun yara a kewaye, manya suka zauna gwiwoyinsu sun kusa taɓa haɓa. A bango akwai hoton da ke koya wa yara wanke hannu. Kunnuwa yana zaune kusa da kakarsa, an yi masa aski tal, kunnuwan sun ƙara fitowa. Akwai Malamin Makaranta, da Mai Shago, da wasu mata biyu na hawan tsakiya, da wata 'yar sanda a bakin ƙofa tana danna waya. Ana shirin farawa sai ga ƙamshin turare ya riga mai shi shigowa. Mai Bene ne, da direbansa a baya ɗauke da kujerar roba, don shi ba zai zauna a ta yara ba.

Tsaf-Tsaf ta dubi Mai Sulhu. "Shi kuma a matsayin wa?"

"Tankinsa ne aka ɓata," in ji matar, ba ta ɗago ido ba. "Yana cikin waɗanda aka cuta."

Aka ce yaron ya fara. Ya miƙe, ya harɗe hannu a baya kamar mai karanta hadda. "Ina mai ba da haƙuri ga dukkan mazauna gidanmu bisa wannan mummunan aiki da na aikata. Sharrin Shaiɗan ne da ƙuruciya. Na yi alkawari ba zan sake ba." Ya zauna. Ko makaho ya san wani ne ya rubuta masa, kuma Malamin Makaranta yana ta gyaɗa kai yana motsa leɓe tare da shi.

Mai Bene bai jira a ba shi dama ba. Ya gyara murya ya ce shi uba ne, kuma duk ɗan da ke gidansa ɗansa ne. Ya ce yaran yanzu sai addu'a, rashin tarbiyya ya yi yawa, yaro in ya tashi ba uwa ba uba ai sai abin da hali ya yi. Ya ce shi dai ya yafe, duniya da lahira, ko gyaran bututun ba zai ɗora wa kowa ba, kuma yana roƙon 'yan hayarsa su yi koyi da shi a rufe maganar nan yau, don tonon silili ba ya haifar da ɗa mai ido. Mai Shago ya ce, "Allah ya ƙara girma, ranka ya daɗe." Matan hawan tsakiya suka ce amin. Ɗaya daga cikinsu, wadda ita ma ɗanta ya kwana yana zawo, har da share hawaye.

Tsaf-Tsaf ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mutumin nan yana zaune ya baza riga, yana rabon yafiya kamar mai rabon sadaka, jama'a kuma suna karɓa da hannu biyu.

Da aka zo kanta ba ta miƙe ba. Ta faɗi yadda aka soki hannun Tsigi har ya kumbura, yadda aka koma ƙafa, yadda yarinyar ta daina kuka don ba ta da ƙarfin yi. Ta faɗi yadda yanzu ko a wurin aiki in ta ga ruwa a kofi sai ta ɗaga shi ta duba a haske. Sannan ta buɗe jaka, ta kwance ledar, ta dire kwalbar a tsakiyar da'irar. Ruwan ya yi kore-kore, wani abu fari yana lilo a ƙasansa.

"Ka ce ka yi nadama," ta ce wa yaron. "Ga abin da 'yata ta sha. Sha."

Mai Sulhu ta yi wuf ta miƙe. "A'a. Ba a yin haka a nan. Ba mu zo don a wulaƙanta kowa ba."

"Na sha, Anti."

Muryar ta fito can ƙasa, ba irin ta haddar ɗazu ba. Kowa ya juya.

"Na sha," ya sake cewa, idonsa a kan kwalbar. "Tun ranar da na jefa shi nake sha. In na ƙi sha Kaka za ta tambaye ni dalili. Sai in toshe hanci in haɗiye, in fita waje in yi amai."

Kaka, wadda tun da aka fara take jan carbi kanta a sunkuye, ta ɗago a hankali. Tsohuwa ce ƙanƙanuwa mai ciwon hawan jini, kullum sai ta sha ƙwaya safe da yamma.

"Kai," ta ce. "Ruwan da kake ɗebo mini in sha magani fa?"

Yaron ya sunkuyar da kai.

"Da kai nake. Kofin nan da kake miƙo mini da hannunka, kana tsaye kana kallona har in shanye?"

Kunnuwa ya rufe fuska da tafukansa. Tsohuwar ta ja kujerarta gefe, ƙafafun kujerar suka yi ƙara a kan siminti. Ta kawar da kai, ta tofar da yawu a gefen zanenta, ta goge baki, ta sake gogewa. Ba ta zage shi ba, ba ta ɗaga hannu ba. Yaron ya fashe da wani kuka mai majina. Tsaf-Tsaf ta daɗe tana jiran ganin wannan kukan, amma da ya zo bai yi mata daɗin komai ba. Ƙyama kawai ta ƙaru. Wane irin tsoro ne zai sa yaro ya sha ruwan mushe, ya shayar da kakarsa, ya gwammace haka da ya buɗe baki?

Nan take ta gane ba tsoron duka ba ne. Ta ciro wayarta, ta nemo bidiyon, ta ƙure ƙarar. Dariyar nan mai shiƙewa ta cika ajin.

"Wa ke riƙe da wayar?" ta tambayi yaron.

Kunnuwa ya saci kallon Mai Bene. Shi kuwa Mai Bene ba yaron yake kallo ba, Kaka yake kallo, kallo mai sanyi, irin wanda ke tuna wa mutum cewa ɗakin ƙarƙashin matakala alfarma ce.

"Ni kaɗai ne," in ji yaron.

"Kai kaɗai ka riƙe mushe, ka riƙe waya, ka yi wa kanka dariya daga baya? To." Ta juya ga Malamin Makaranta. "Malam, kai da kake yi wa ɗan Mai Bene darasi a gida. Muryar wa ce?"

Malamin ya cire hula ya sosa ƙeya. "Gaskiya, maƙwabciya, waya tana canza murya. Kuma shaidar zur babban zunubi ce."

"Mai Shago?"

"Ni kunnena ɗaya ba ya ji sosai."

Ta dubi matar da ɗanta ya yi zawo. Matar ta sunkuya tana gyara igiyar takalmin da ba shi da igiya.

Mai Bene ya yi murmushi ya ce, "'Yata, ɓacin rai ne, na fahimta. Allah ya ƙara wa yarinya lafiya." Ya duba agogo, ya ce yana da wani taron, ya miƙe. Direba ya ɗauki kujera ya bi shi. Har Mai Shago ya ɗan tashi tsaye don girmamawa.

"Ke kuma fa?" Tsaf-Tsaf ta ce wa Mai Sulhu. "Sulhun naku na 'ya'yan ƙarƙashin matakala ne kawai?"

Matar ta cire tabarau ta murza idanu. Ta ce ba ta da ikon kawo wanda bai amsa laifi ba, zaman na wanda ya ce shi ya yi ne. Ta ce za ta sake kai wa 'yan sanda maganar muryar. 'Yar sandan da ke bakin ƙofa ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ba zan yi miki ƙarya ba," in ji Mai Sulhu, "ban san inda za ta tsaya ba. Abin da ke gabanmu shi ne wannan yaron. In kin ce a'a, kotu zai tafi. Ke za ki faɗa."

Tsaf-Tsaf ta dubi yaron, majina har haɓa. Ba ta ji tausayinsa ba ko kaɗan. Amma ta hango yadda za a yi: a kulle wannan, Mai Bene ya ce ai hukuma ta yi aikinta, maƙwabta su ce Allah ya kyauta, magana ta mutu. Kulle shi ma wata hanya ce ta mayar da murfi.

"Ba zai je ko'ina ba," ta ce. "A gidan zai zauna, kowa ya riƙa ganinsa yana tunawa. Zai shiga tankin nan da kansa ya wanke shi, ina tsaye. Kuma kafin ruwa ya dawo, shi zai riƙa ɗebo wa kowane ɗaki daga famfon bakin titi, kafin makaranta da bayan an tashi. Ban da sashen gaba."

Aka tambayi yaron ko ya yarda, ya gyaɗa kai. Mai Sulhu ta ce da baki ake amsawa. Ya ce ya yarda. Ita ce kuma ta ɗauki kwalbar da gefen takarda, ta fita da ita.

Ranar wankin tanki rana ta take sosai. Mai Sulhu ta zo da safar hannu da takalmin roba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta tsaya a inuwar ƙofar rufi. Yaron ya zura ƙafa ya sauka ciki da buroshi da bokiti. Warin da ya taso ya sa Tsaf-Tsaf ta ɗaure hanci da ɗankwali, amma ba ta matsa ba. A ƙasan tankin akwai wata laka mai yauƙi, da gashi curi-curi, da wasu ƙananan ƙasusuwa. Yana kwasowa yana miƙo bokiti, ita tana nuna masa da tsinken tsintsiya. "Ga can. Kusurwar nan. Sake." Sau biyu yana leƙo da kai yana amai a kan rufin, ta sa shi ya wanke nan ɗin ma.

Da ya fito hutawa ya zauna a ƙasa, nesa da ita, yana haki. Ba ta tambaye shi komai ba. Shi ya fara.

"Muzurun nan mota ce ta take shi a bakin layi, Anti. Ɗan Mai Bene ne ya ce in na isa namiji in jefa shi a tanki, zai saka ni a ƙungiyar ƙwallonsu. Ya ce da yamma za mu dawo mu cire." Ya ja hanci. "Da na dawo na tarar an sa kwaɗo a ƙofar nan. Makullin yana hannunsa. Na yi ta binsa ina roƙo, sai ya riƙa kaɗa mini shi a fuska yana dariya. Ya ce in na faɗa, babansa zai watsar mana da kaya a titi."

"Shi bai ji ƙyamar sha ba?"

Yaron ya nuna wani ƙaramin tanki shuɗi a ɗaya gefen rufin, mai bututu daban. "Nasu ke nan. Ba a haɗe suke ba."

Ta daɗe tana kallon shuɗin tankin, fes da shi, har da 'yar rumfa a kansa. Ta juya ga Mai Sulhu. "Kin ji?"

"Na ji. Zai maimaita a gaban 'yan sanda?"

Kunnuwa ya girgiza kai da sauri. "Ina Kaka za ta je?"

Tsaf-Tsaf ta ce, "Tashi. Saura bango na hagu."

Ya yi ɗibar ruwan kamar yadda aka ce. Kullum da sassafe za a ji shi a matakala yana nishi da jarka, kafaɗarsa har ta saɓule. Maƙwabtan da suka kasa gane murya sai ga su sun gane daɗin ruwan kyauta. Matar hawan tsakiya ta fara tara masa wanki, Mai Shago ya fara aikensa ɗauko kaya, wai ai duk cikin gyaran hali ne. Har bayan famfo ya dawo ba su daina ba, sai da Tsaf-Tsaf ta tsaya a tsakar gida ta ɗaga murya ta ce yarjejeniya ta ƙare, wanda ke son bawa ya je ya haifi nasa. A ƙofarta kuwa yaron yakan ajiye jarka ya ƙwanƙwasa ya ja da baya. Takan tafasa ruwan duk da haka. Kaka ta daɗe ba ta karɓi ko cokali daga hannunsa ba, da kanta take rarrafawa ta ɗebo na shan magani.

Mai Sulhu ta kira ta a waya ta tambaya ko yaron ya cika alkawari.

"Ya yi aikinsa."

"To kin yafe masa?"

"Ban ce ba. Na ce ya yi aikinsa."

"Ya isa," in ji matar. Game da muryar kuwa, ta ce an gaya mata ana bincike. Daga yadda ta faɗa, Tsaf-Tsaf ta san an binne maganar.

Da wa'adin hayarta ya kusa cika, direban Mai Bene ya hau sama ya gaya mata cewa za a yi wa ɗakunan gyara, wani ɗan'uwan mai gidan zai shiga. Ba ta yi mamaki ba. Mijinta ya samo musu wani wuri a bayan tashar mota, ɗaki ɗaya da falo, ya aro ƙaramar motar ɗaukar kaya.

Ranar tashi maƙwabta suka yi ta fitowa ɗaya bayan ɗaya. Malamin Makaranta ya tare ta a kwanar matakala, ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Maƙwabciya, wallahi kin burge ni ranar nan. Kowa ya san muryar yaron can ce. Kin dai san yadda zaman haya yake."

"Ihu bayan hari, Malam," ta ce. "Matsa, katifa ce a kaina."

Matar hawan tsakiya ta kawo mata kwano a rufe, wai guzuri. Tsaf-Tsaf ta ce sun ƙoshi. Ta leƙa ɗakin ƙarƙashin matakala ta durƙusa ta yi wa Kaka sallama. Tsohuwar ta riƙe hannunta ta ce, "Allah ya raya miki ita, 'yata."

Ba wanda ya kira Kunnuwa, amma tun safe yake sauko da kaya tare da mijinta: ƙafafun gado, buhun tukwane, tsohuwar fanka. Da aka ɗora kabad ɗin kwanuka sai aka ga igiya ba ta isa ba, in mota ta shiga rami zai kife.

"Sai wani ya hau baya ya riƙe," in ji mijin, yana kallon matarsa, yana kallon yaron.

Tsaf-Tsaf ta ɗauki Tsigi ta shiga gaba ta zauna. Ta gyara wa yarinyar zama a cinya, sannan ta leƙo ta taga.

"In ka fasa mini faranti ko ɗaya, za ka sani," ta ce. "Hau."

Yaron ya ɗare bayan motar, ya rungume kabad ɗin da hannu biyu, mijin ya tayar da inji.